Pokémon ko Magic: Yadda Ake Zaɓen Wasan Kati Kafin a Zuba Kuɗi

Wanda ya saba da karta ko Whot ya san cewa kati guda ake zubewa a tsakiya, kowa ya ja daga ciki, idan an tashi kuma mai shi ya tattara abinsa ya jefa aljihu. Wasannin katin da ake tarawa ana musaya tsarinsu daban ne, domin kowane ɗan wasa da nasa damin katunan yake zuwa, wanda shi da kansa ya zauna ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga cikin dubban katunan da kamfani ya buga. Saboda haka rabin wasan tun a gida ake yin sa, kafin a haɗu da abokin karawa. Biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara a duniya su ne Magic: The Gathering da wasan katin Pokémon, kuma sabon shiga yakan tsaya yana wasiwasi a tsakaninsu, tun da duka biyun suna cin kuɗi da lokaci, ga shi katin wannan ba ya aiki a wancan.

Magic shi ne babba a shekaru. Wani Ba'amurke masanin lissafi mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, kuma daga kansa ne irin wannan wasa ya zama sana'a mai zaman kanta. Katin Pokémon ya fito a Japan a watan Oktoba na 1996, sannan kamfanin Wizards ɗin nan dai shi ne ya riƙa buga shi da Turanci daga 1999 zuwa 2003, kafin masu Pokémon su karɓi abinsu. A ido suna kama da juna ƙwarai. Girman katunansu ɗaya ne, milimita 63 a faɗi da 88 a tsawo, dami na yau da kullum kati 60 ne, ba a sa kati mai suna ɗaya fiye da sau huɗu in ban da katunan da ke samar da ƙarfi, kuma kowa da kati bakwai yake farawa a hannu. Wannan kamanni shi ke ruɗar mutane, su ɗauka bambancin bai wuce na zane ba, alhali da zarar an fara bugawa sai a ga kowanne irin tunanin da yake nema daban ne.

Fara da sanin yadda ake cin wasa

A Magic kowane ɗan wasa yana farawa da makin rai 20, kuma abin da ake nema shi ne a mayar da na abokin karawa sifili. Za ka riƙa sauke halittu a fage kana tura su hari, amma harin kan ɗan wasan kansa yake nufa, shi kuma wanda aka kai wa harin shi ke da ikon zaɓar wace halitta tasa za ta tare wacce, ko ma ya bar bugun ya same shi don ya adana halittunsa. A Pokémon ba ɗan wasan ake hari ba. Kowa yana da Pokémon ɗaya, wato halittar wasan, a gaba wanda ke faɗa, da wasu da ba su wuce biyar ba suna jira a benci, kuma tun kafin a fara kowa zai cire kati shida daga saman daminsa ya kife su a gefe ba tare da ya duba ba. Waɗannan su ne katunan tukuici. Duk sanda ka kayar da Pokémon na abokin karawa sai ka ɗauki ɗaya, idan kuwa babba ne mai alamar ex sai ka ɗauki aƙalla biyu, kuma wanda ya fara kwashe shidansa shi ya ci. A duka wasannin biyu, wanda daminsa ya ƙare har ya rasa katin ja ya faɗi.

Daga nan ne lissafin kowanne yake fitowa. Ɗan Magic kullum yana auna ko makin ransa zai iya jure bugu ɗaya ko biyu nan gaba, domin a wurinsa makin rai kamar jari ne da ake iya kashewa, kuma wanda ya ci wasa da maki ɗaya daidai yake da wanda ya ci da 20. Ɗan Pokémon kuwa lissafin musaya yake yi: idan duk Pokémon ɗinsa manya ne masu ba da tukuici biyu, sau uku kawai za a kayar da shi wasa ya ƙare, amma idan ƙanana ya jera, sai abokin karawa ya yi nasara sau shida.

Duba yadda ake biyan kuɗin ƙarfi

A ganina babu abin da ya raba wasannin biyu kamar wannan, kuma shi ne ya fi dacewa mai zaɓe ya tsaya a kansa. A Magic kusan kowane kati yana da farashi a rubuce a saman kusurwarsa ta dama, kuma da wani ƙarfi ake biya wanda suke kira mana, kalmar da ba ta da wata alaƙa da tamu ta Hausa sai dacewar lafazi. Katunan ƙasa ne ke samar da shi, wato fili da tsibiri da fadama da dutse da daji, kuma ƙasa ɗaya tak ake saukewa a kowane zagaye. Idan za ka yi amfani da ita sai ka kwantar da katin a kaikaice, a farkon zagayenka na gaba kuma ka miƙar da shi. Saboda haka wasan a hankali yake girma, daga ƙananan katuna a zagayen farko zuwa manya a na biyar ko na shida, kuma wanda ya cika daminsa da manyan katuna masu tsada yakan mutu da su a hannu bai sauke ko ɗaya ba.

Matsalar ita ce katunan ƙasar a cikin damin suke, a gauraye da sauran. An saba sa kusan 24 cikin 60, kuma idan aka yi lissafi, wajen sau ɗaya cikin bakwai hannun farko zai zo da ƙasa ɗaya kacal ko babu ko ɗaya. Doka ta ba ka damar mayar da hannun ka ja wani, amma za ka yi asarar kati ɗaya duk sanda ka yi haka. Akwai kuma ranar da ƙasa za ta yi ta zuwa maka ba ƙaƙƙautawa har ka rasa abin bugawa. Gwanaye sun ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na wasan, domin shi ne yake ba sabon shiga damar kayar da tsohon hannu wata rana, amma akwai mutanen da zuciyarsu ba ta ɗaukar faɗuwa a wasan da ba su samu damar bugawa ba. Idan ka san kana cikinsu, ka lura da wannan tun yanzu.

A Pokémon sauke kati ba ya cin komai, hari ne yake buƙatar katin kuzari, wanda ake liƙa wa Pokémon guda ɗaya a kowane zagaye. Idan aka kayar da wannan Pokémon, duk kuzarin da ka tara masa tare za su tafi juji, saɓanin ƙasa a Magic da take nan daram. Sannan fiye da rabin dami na gasa yawanci katunan masu horarwa ne, waɗanda aikinsu jawo kati da nemo kati. Akwai Professor's Research, wanda ke sa ka zubar da hannunka gaba ɗaya ka ja sabbi bakwai, akwai kuma Ultra Ball, wanda za ka zubar da kati biyu ka shiga cikin daminka ka zaro Pokémon ɗin da kake so. Wannan ya sa ɗan Pokémon yake yawan samun abin da yake nema, sai dai wasan yana cike da bincike da cakuɗa kati, har wani zagayen yakan ɗauki mintuna. Sa'a a nan ta wata ƙofar take shigowa. Katin da kake da shi guda ɗaya tak a dami yana iya faɗawa cikin katunan tukuici shidan nan da ke kife, kuma hakan na faruwa sau ɗaya cikin goma. Shi ya sa za ka ga gwani, a karon farko da ya buɗe daminsa don nemo kati, ya tsaya yana ƙirga abin da ke ciki a natse, domin ya gane abin da ya maƙale a tukuici. Ga kuma wasu hare-hare da sai an jefa kwabo sama kafin a san sakamakonsu.

Tambayi kanka ko kana son a katse ka

Abu na biyu mai nauyi shi ne abin da kake yi lokacin da ba zagayenka ba ne. A Pokémon, idan zagaye ya zo kanka fagen naka ne kai kaɗai, abokin karawa sai kallo. Gwanintar tana cikin jera ayyuka bisa tsari. Misali, kana da Charmander, ƙaramin Pokémon da ke girma ya zama Charmeleon sannan Charizard, a fage tun zagayen baya, sai ka buga Ultra Ball ka nemo Charizard, ka yi amfani da Rare Candy ka tsallake matakin tsakiya na Charmeleon, ka liƙa kuzari, sannan ka tsaya ka yanke shawara a kan kati ɗaya na mataimaki da doka ta yarda ka buga a zagaye: ko Professor's Research don ka cika hannu, ko Boss's Orders don ka jawo wani raunannen Pokémon daga bencin abokin karawa ka kayar da shi. Da zarar ka kai hari zagayenka ya ƙare, saboda haka duk abin da ka manta ka yi kafin nan ya wuce ka. Wanda ya zubar da hannunsa kafin ya buga abin da ke ciki, sai dai ya ciji yatsa.

A Magic babu wannan kwanciyar hankali, domin akwai katunan nan-take da ake iya bugawa a kowane lokaci, har a tsakiyar zagayen wani. Ka ɗauka ka tara ƙasa shida, ka kwantar da su duka ka sauke Shivan Dragon, dodon nan mai fukafukai da ƙarfinsa ya kai biyar. Abokin karawarka, wanda a zagayensa ya bar tsibiri biyu a miƙe bai taɓa su ba, sai ya kwantar da su ya buga Counterspell, dodon ya wuce juji bai taka fage ba, kai kuma ka yi asarar zagaye guda. Katunan da aka buga a jere ana ɗora su ne kamar kwanuka, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa, kuma kowa na da damar mayar da martani kafin a sauke. Wannan ya buɗe ƙofar yaudara, domin mai tsibiri biyun nan mai yiwuwa ba shi da komai a hannu, ya bar su ne kawai don ka tsorata ka riƙe dodonka.

Na taɓa koya wa ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara tara, duka wasannin biyu. Pokémon a yammaci ɗaya ya kama shi, har ya fara gyara mini idan na liƙa kuzari sau biyu. Ranar da muka gwada Magic kuwa, da na soke masa halittar da ya daɗe yana tara wa ƙasa, sai ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ai ba kai ne da bugu ba." Na yi masa bayani ya gane, amma fuskarsa ta nuna cewa abin bai yi masa daɗi ba. Wani abokina kuma daidai wannan katsewar ce ta sa ya rungumi Magic, domin ya ce ba ya iya zama hannu rungume yana kallon mutum yana cakuɗa kati. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma kai kaɗai ka san ɓangaren da halinka ya karkata.

Launuka biyar na Magic su ma suna da nasu halaye. Fari na tsari ne da taron ƙananan mayaƙa, shuɗi na jawo kati da soke na wasu, baƙi na sadaukar da komai don samun ƙarfi, ja na sauri da wuta, kore kuma na manyan halittu. A Pokémon nau'i ne ke aiki, inda galibi ruwa ke rinjayar wuta, wuta ta rinjayi ciyawa, kuma wanda aka buga a inda yake da rauni lahanin ninki biyu yake zama.

Ƙirga waɗanda za ka buga da su

Duk kyan wasa, idan babu abokin bugawa kwali ne kawai a cikin akwati. A Amurka da Turai da Japan akwai shagunan da ake taruwa mako-mako, kamar daren Juma'a da 'yan Magic suka saba da shi, amma mai zaune a Kano ko Damagaram ko Kumasi, inda irin waɗannan shaguna ba su yawaita ba, zai fi kyau ya sa a ransa cewa shi ne zai sayi dami biyu ya koya wa na kusa da shi. Idan yara ne a gida, Pokémon ya fi sauƙi, kuma a jikin kwalinsa an rubuta daga shekara 6, alhali na Magic daga 13 ne. Gasannin Pokémon ma an raba su rukuni uku bisa shekaru, don kada a haɗa ƙaramin yaro da magidanci.

Idan kuwa majalisa ce ta manya, Magic yana da abin da Pokémon ba shi da shi, wato tsarin Commander, wanda mutum huɗu suka saba zama a kai, kowa da dami mai kati 100 da ba a maimaita ko ɗaya in ban da ƙasa ta asali, wato iri biyar ɗin nan da aka ambata, da makin rai 40. A nan har ƙawance ake ƙullawa a warware, a haɗu a kan wanda ya fi ƙarfi, kuma wasa ɗaya yana iya haura awa guda. Akwai kuma tsarin da mutum takwas ke zama kowa da fakiti uku, ka zaɓi kati ɗaya ka miƙa sauran ga na kusa da kai, har kowa ya haɗa dami mai kati 40 nan take, tsarin da ke rage fifikon mai kuɗi a kan talaka.

Batun harshe ma abin dubawa ne, domin dole a karanta abin da ke jikin kowane kati, kuma rubutun Magic ya fi tsawo da sarƙaƙiya. Duka biyun ana buga su da Faransanci, wanda zai yi wa mutanen Nijar da Kamaru da Chadi amfani. Sai dai a yi hattara da katunan Pokémon na Japan, waɗanda sukan ja hankali saboda kyan bugu, domin zanen bayansu daban ne da na sauran duniya, don haka ba a gauraya su da na Turanci a gasa. A Magic kuwa bayan katunan iri ɗaya ne, kuma kowane harshe karɓaɓɓe ne.

Gwada kyauta kafin ka saya

Gani ya kori ji, kuma duka kamfanonin suna da manhajar da ake sauke wa kyauta a waya ko kwamfuta. Ta Magic ita ce MTG Arena, ta Pokémon kuma Pokémon TCG Live, kuma kowacce tana koyar da dokoki mataki-mataki tare da ba da damin farawa. Ka duba rumbun manhajojin wayarka ka ga wadda ke samuwa a ƙasarka. Akwai wata ta uku mai suna Pokémon TCG Pocket da ta fito a watan Oktoba na 2024, amma kada ka auna wasan da ita, domin an taƙaita dokokinta: kati 20 ne a dami, babu katin kuzari a ciki, kuma maki uku ake nema. Shawarata ita ce ka buga aƙalla wasa goma a kowanne, sannan ka lura da abin da kake ji bayan an cinye ka. Wasan da faɗuwa a cikinsa ke sa ka koma ka gyara daminka ka sake gwadawa, shi ne ya fi cancantar kuɗinka.

Abin da za ka fara saya, da abin da za ka bari

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne sayen fakiti a rufe. Fakitin Pokémon na Turanci yana ɗauke da kati 10, na Magic na yanzu kuma 14, amma ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage, wato dai cinikin biri a sama, kuma ko ka buɗe ashirin da wuya su haɗa maka dami mai aiki. Abin da ya dace a fara da shi shi ne akwatin koyo. A Pokémon akwai Battle Academy, mai dami uku haɗaɗɗu da allon wasa da littafin jagora, a Magic kuma akwai akwatin masu farawa na jerin Foundations da ya fito a ƙarshen 2024, mai ƙananan damuna goma na kati 20 da ake haɗa biyu-biyu a buga. Bayan ka ƙware, sai ka rubuta sunayen katunan da kake buƙata ka saye su ɗai-ɗai daga masu sayar da su a buɗe. Ga wanda zai biya kuɗin aikowa daga ƙetare da na kwastan, ga kuma canjin dala, ya fi masa ya tara buƙatunsa da na abokansa a yi oda sau ɗaya.

Ka san kuma cewa katuna suna tsufa a gasa. A Pokémon akwai ɗan harafi a ƙasan kati ta hagu, kuma kusan kowace shekara ana fitar da harafi mafi tsufa daga babban tsarin gasa. A Magic, tun 2023 katunan tsarin Standard, wato gasar sabbin katuna, suna yin kimanin shekara uku kafin a fitar da su, amma Commander ba ya fitar da kati saboda tsufa, haka ma tsarin Pauper da ba a shiga da komai sai katunan gama-gari masu araha. Wanda a gida kawai zai buga, wannan bai dame shi ba, hasali ma katunan da aka fitar daga gasa sukan faɗi a farashi.

Idan aka zo ga tsadar dami na gasa, galibi Pokémon ya fi sauƙi, saboda kamfanin yakan buga kati ɗaya a siga biyu ko uku, masu tarawa su yi rububin mai ƙyalƙyali, na talaka kuma da aikinsu ɗaya ne ya zauna da araha. A Magic katunan ƙasa masu ba da launi biyu sukan cinye kaso mai yawa na kuɗin dami, ga kuma wani jerin tsofaffin katuna da kamfanin ya yi alkawari tun 1996 cewa ba zai sake buga su ba, wanda Black Lotus ke cikinsu, dalilin da ya sa tsofaffin tsare-tsaren gasa suka fi ƙarfin aljihun yawancin mutane.

Mai niyyar tarawa don riba ya sassauta buri. Gaskiya ne cewa a 2021 Logan Paul, Ba'amurke da ya yi suna a YouTube, ya mallaki katin Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5.275, amma wannan kati ne da aka raba wa 'yan tsirarun da suka ci gasar zane a Japan a ƙarshen shekarun 1990, kuma kamfanin tantancewa na PSA ya ba shi maki 10 cikin 10. Yawancin katunan da ke fitowa daga fakiti ba su kai kuɗin ledar da za a sa su a ciki ba.

Jabun kati ya cika kasuwa, musamman na Pokémon, kuma araha ba ta ado. Ni kaina na taɓa sayen wani tari mai rahusa daga wani mai talla a intanet, da suka iso sai na ga shuɗin bayansu ya koɗe, suna sheƙi kamar an shafa musu mai, kuma an rubuta sunan wasan babu ɗan digon nan da ke kan harafin e. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye wanda kake zargi kusa da na gaske ka kwatanta launi da kaurin rubutu, sannan ka haska fitilar waya ta bayansa, domin na gaske yana da wani siririn shafi mai duhu a tsakiyar kwalin da ke rage wucewar haske. A Magic, katuna masu wuyar samu da aka buga tun 2014 suna da ɗan hatimi mai ƙyalli a ƙasa, kuma idan ka sa gilashin ƙara girma a kan koren digon da ke bayan kati na gaske, za ka ga ƙananan jajayen ɗigo huɗu a jere kamar harafin L.

Akwai batun da magidanci zai so ya sani kafin ya shigo da katunan gida. Dokokin Magic na farko sun ƙunshi ajiye kati ɗaya a matsayin jingina, wanda ya ci ya ɗauke, amma an daɗe da hana wannan a gasa saboda kamanninsa da caca. Zanen katunansa kuma ya shafi tsafi da aljanu da matattu masu tashi, musamman a launin baƙi, alhali na Pokémon dabbobin zane ne na yara. Shi ma Pokémon bai tsira daga suka ba, domin a 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta shi, inda ta ambaci caca cikin dalilanta. Wanda abin ya tsaya masa a rai ya buɗe hotunan katunan ya duba da idonsa, ya kuma tambayi malaminsa. Abin da ke hannunka kai tsaye shi ne kada a buga a kan kuɗi ko a kan kati, kuma kada a saba wa yara da yage fakiti suna jiran sa'a.

Ko wanne ka zaɓa, tare da damin farko ka sayi rigunan leda na kati, kuma ka tabbata masu girman da ya dace ne, wato kusan milimita 66 da 91, domin waɗanda aka yi wa wani wasan kati mai suna Yu-Gi-Oh! sun fi ƙanƙanta, katinka ba zai shiga ba. Kada ka ɗaure dami da roba, tana cin gefen kati. Katuna masu ƙyalli sukan lanƙwashe idan laima ta canza, ta wani ɓangare da damina, ta ɗaya ɓangaren da hunturu, kuma lanƙwasasshen kati ana iya gane shi a cikin dami, abin da alƙalan gasa ba sa yarda da shi. Ka ajiye su a akwati mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a ɗora a kan kanta nesa da bango saboda gara, kuma kada a bar su cikin mota da rana.